Ranar da Hulata ta Fi Ƙwallo Nisa

Wata guda na yi a gidana a Nassarawo ina gyara bugun ƙwallon golf da muciyar matata, har na ji na ƙware. Ran nan daga wurin ɗaurin aure na zarce filin golf da babbar riga.

Abokin wasana, Hamma Bello, ya ce, "Alhaji, tuɓe rigar mana."

Na ce, "Tsaya ka ga aiki."

Na naɗe ta a kafaɗa, na kai duka. Ta warware ta rufe min fuska. Da na leƙo, ƙwallo tana nan, hulata ce ta tashi. Hamma ya auna: taku sha ɗaya.

Har yau in na buga da kyau sai ya ce, "Ba laifi, ta kusa kamo hular."