Wanda Ya Sayar Mana da Motar Share Ƙanƙara

Akwai wani laifi da ba a kai mutum kotu a kansa, wato cike rijiyar unguwa don ka ga randarka a cike. A kansa zan yi magana yau, da ƙugu mai ciwo.

Da safen nan na fita kai wasiƙa gidan waya, tafiyar da ba ta kai rabin mil ba. A ƙofar gidan Wendell hanya a share take tas, amma santsi kamar an shafa mata man shanu. Nan na zauna daɓas, ba wanda ya ba ni kujera. A ƙofar gidan Lorna kuwa an barbaɗa yashi, amma a kan dusar ƙanƙara mai kai gwiwa. Nan takalmina ya tsaya, ni na wuce. Shekarata saba'in da huɗu a wannan lungu na jihar New Hampshire ta Amurka, ban taɓa ganin hanya faci kan faci kamar rigar mahaukaci ba sai bana.

A taron gari na watan Maris abin ya faro, ranar da muke ɗaga hannu a kan kowace magana. Shugaban majalisar garinmu, Mai Girma Uban 'Yanci, ya je wani taro a babban otal, mu muka ciyar da shi, ya dawo mana da tsarabar wata aƙida mai dogon suna da ya ƙi zama a bakina. Ma'anarta dai hukuma ta cire hannu, kowa ya yi ta kansa. Ya ce da ita zai sasanta 'yan hagu da 'yan dama.

Wendell ɗan dama ne, bindigoginsa sun fi haƙoransa yawa. Lorna 'yar hagu ce mai kiwon awaki, kuma ganyen da take shukawa a bayan gida ba alayyafo ba ne. Shekara ashirin ba sa gaisawa.

Mai Girma ya ce, "Wendell, kana so a bar ka da bindigoginka, a sauke maka haraji?"

"Yau ka yi magana kamar ɗan halak."

"Lorna, a daina leƙa miki bayan gida?"

"Tumatir ne," in ji ta.

Aka kwashe da dariya, hannuwa biyu suka tashi tare, har wata tsohuwa ta share hawaye. Abu na farko da aka amince da shi, a sayar da motar share ƙanƙara da tsibin yashin da ake zuba wa hanya.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni karatuna a aji shida ya tsaya. Amma ƙanƙara ba ta tambayar wa ka zaɓa. Wa zai share?"

"Baba Orville, kasuwa za ta share."

"Kasuwar tana da shebur?"

Aka ce in zauna, lokaci ya ƙure. Na zauna. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

A gwanjo Wendell ya sayi motar. Lorna ta ga haka, ta sayi yashin don kada ya haɗa biyu. Disamba na kamawa Wendell ya shiga share ƙofar duk gidan da ya kafa jan allon siyasa na 'yan dama, in ya zo kan mai shuɗi na 'yan hagu ya ɗaga bakin motar ya wuce yana fito. Lorna ta bi masu shuɗi da yashi. Masu ja suka yi ta sulɓewa, masu shuɗi suka yi ta nutsewa.

Na tari Wendell na ce, "Kai ko kunya ba ka ji?"

Ya ce, "Tsoho, motata ce. Ba haka aka karanta mana ba?"

Mai Girma kuwa ba shi da allo ko ɗaya, tunda ya sha gaya mana ya fi ƙarfin ja da shuɗi. Jemage ke nan, tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi sun ƙi shi. Gonarsa na can ƙolin tudu, shanun tatsa arba'in, kuma tankar madara sai ta hau duk bayan kwana biyu. Saniya ba ta san aƙida ba, lokacin tatsa in ya yi ya yi. Direban tanka ya zo gindin tudu, ya dubi hawan, ya juya.

Mai Girma ya buga wa Wendell waya.

"Wane allo ne a ƙofarka, ranka ya daɗe?"

"Haba Wendell, ai ni na kowa ne."

"To, kowa ya zo ya share maka."

Ya kira Lorna. Ta ce ko cokali ɗaya ba za ta zuba a inda wancan jakin zai iya bi da motarsa ba. Da tankin gona ya cika ya fara ambaliya, Mai Girma ya loda garwayen madara a akori-kurarsa ya ce zai sauke da kansa. Ya sauka kam, sai dai ba ta hanya ba.

To, aƙidar ta sasanta su? Gaskiya ɗaya ce, ta sasanta. Jiya na same su a shagon shayi, Wendell da Lorna, teburi ɗaya, alƙalami ɗaya, suna rubuta takardar tsige shi. Har yana miƙa mata sukari.

Ga abin da Mai Girma ya rasa zuwa yau: madarar shanu arba'in ta kwana tara a kwata, akori-kura ɗaya a rami sai bazara, haƙoran gaba biyu, kujera ma tana kan hanya.

Ni kuwa na kafa allo mai fuska biyu, ja ta gabas inda Wendell ke ɓullowa, shuɗi ta yamma wajen Lorna. Matata Arlene ta ce wannan munafunci ne, bai dace da furfurata ba. Na miƙa mata shebur. Har yanzu allon na nan.