Hoton Watan Gwaggo Yelwa

Gara in ba da labarin nan da bakina kafin maƙwabciyata Lantana ta riga ni, don ita in ta ɗauki zance sai ta ƙara masa gishiri. Ko da yake, kamar yadda za ku ji, ba ni da bakin yi wa kowa gorin ƙari.

Tun da 'yata Shafa'atu ta yi aure ta bar mini tsohuwar wayarta, na kamu da wata sana'a marar riba, wato ɗaukar hoton sama. Da yamma lis, in na sauke tukunya, sai in hau benen da maigida ya fara bai ƙarasa ba, in fuskanci yamma, in yi ta ɗaukar rana tana faɗuwa. Da farko yadda na ɗauka haka nake turawa zauren matan Islamiyyarmu na cikin waya. Sai da Shafa'atu ta zo ganin gida ta nuna mini inda ake gyaran hoto a cikin wayar. Komai na wurin da Turanci aka rubuta, ni kuwa bokon nawa a littattafan yara da kwalayen magani na tsinto shi, don haka na raɗa wa kowanne nawa sunan. Wanda in ka ja shi sama take yin ja, shi ne manja. Mai fito da shuɗi, shi ne bula. Sai babbansu, tsintsiya: ka ɗora yatsa a kan abin da ba ka so, ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ni da tsintsiyar nan ba abin da ba mu share ba. Wayoyin wuta da suka ratsa ta gaban gidanmu, tankin ruwan gidan Alhaji Barau, ledojin da iska ke rataye wa a kan wayoyin, har wata shirwa da ba ta yi mini laifin komai ba. In na gama sai in zuba manja, in rubuta a ƙasa, "Tsarki ya tabbata ga Mai sama," in tura. Mata su yi ta sa albarka, suna tambaya a wace ƙasa ce. In ce musu saman gidanmu ne. Maigida da ya leƙa wata rana cewa ya yi, "Hansatu, wanda aka haifa a unguwar nan ma, in ya bi hotonki ɓata zai yi."

To, a gidan muna tare da Gwaggo Yelwa, mahaifiyar maigidan, kuma yayar mahaifina. Tsohuwa ce mai tsantseni, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya takan isa. Tana da wata al'ada tun tana budurwa: kowace shekara sai ta ga jinjirin watan azumi da idonta, ta yi masa addu'a. Ba wai ba ta yarda da sanarwa ba ne, da an ce an gani take ɗaura niyya. Amma ganin nan nata daban ne, ta ce shi ne gaisuwarta da baƙo. In ba a gan shi a garinmu daren farko ba, takan tare shi a dare na biyu. Ya wuce haka kuwa, ta ce ya zama saurayi, kowa ma ya gan shi.

Bana yanar ido ta rufe mata gani, ga gwiwa ba ta hawa bene. Abu sai an kawo shi dab da hancinta take gani. Daren farko labari kawai muka ji an ga wata a wasu garuruwa. Ranar da muka kai azumin farko, ina tsakiyar suyar ƙosai, ta kira ni.

"Hansai, wannan abin naki da kike hawa sama da shi kullum, yana kama wata?"

Na ce, "Gwaggo, ai ba abin da ba ya kamawa."

"To yau ki kamo mini shi. Ki buɗa shi da yatsu yadda kike yi, ki kawo mini nan kusa. Ban san ko zan ga na baɗi ba."

Na ce Allah Ya kai mu na baɗi da na baɗin baɗaɗa. A zuciyata kuwa daɗi ne ya cika ni. Yau dai sana'ar da ake yi mini dariya a kanta ta sami ranarta.

Ana kiran magariba na jefa dabino a baki, na kurɓi ruwa, na haye. Sai da na kai sama na tuna tabarauna yana madafa, na cire shi saboda tururi. Ba tabarau kuwa, ko giwa ce a sama sai dai a ba ni labari. Na ce ba komai, idon waya ya fi nawa. Na saita yamma, na ɗauka, na ƙara, na sake ƙarawa, na sauko da sauri don salla. Ina saukowa wani siririn gajimare yana jawowa ta wajen.

Bayan na idar, na sallami kowa da kunu da ƙosai, sai na sa tabarau na zauna bakin ƙofa. Na zaɓi hoton da ya fi fitowa, na goge sauran gaba ɗaya, don wayar kullum kukan cika take yi. Mai hankali a nan zai fara neman watan. Ni kuwa na ce a'a, ba zan kai wa Gwaggo sama da datti ba, ai ko baƙo za a yi sai an yi shara. Na ɗauki tsintsiya. Tankin Alhaji Barau ya tafi. Wayar wuta ta sama ta tafi, ta ƙasa ta bi ta. A tsakaninsu akwai wani ɗan farin abu, siriri kamar yankan farce, na ce ledar nan dai ba ta gajiya, na bi ta kanta. Na zuba manja, na ɗan taɓa bula a sama, na adana a kan na asalin kamar yadda na saba. Wallahi hoton ya yi kyau. Ban taɓa yin kamarsa ba.

Sannan na fara neman wata. Na buɗa nan, na buɗa can, na juya wayar a kwance. Sama fes, kamar an wanke faranti.

Na je na durƙusa gaban Gwaggo, na ce, "Gwaggo, sai haƙuri, gajimare ya rufe shi. Amma dubi yadda Allah Ya ƙawata yammacin."

Ta karɓa, ta kai shi dab da ido, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Gajimaren fa, yana ina?"

Na sake leƙa hoton, don shi ma ina jin tsintsiya ta taɓa shi.

"Wannan jan kuma, gobara aka yi a Tudun Wada?"

"Faɗuwar rana ce, Gwaggo."

"Ikon Allah. Na tsufa ina ganin rana na faɗuwa, ban taɓa ganin ta faɗa cikin miya ba." Ta miƙo mini wayar, ta jawo carbinta. "Shi ke nan. Ba rabo."

Yadda ta faɗi "ba rabo" ɗin nan a hankali, sai na kife wayar a kan cinyata.

Muna haka Lantana ta yi sallama, ta shigo da kwanon alala. Benensu jingine yake da katangarmu, abin da na gani daga sama shi take gani. Ta gaishe da Gwaggo, ta yi mata barka da shan ruwa, ta ce, "Gwaggo, kun ga watan kuwa? Yau ai ya fito sarai, har na ɗauka. Sai dai nawa hoton ba irin na su Maman Shafa ba ne, mu ba mu iya ba."

Ta zaro wayarta mai fasasshen gilashi. Hoton a karkace, rabin yatsanta ya shiga ta gefe, sama ta yi fari-fari kamar ruwan wanki. Ga tankin Alhaji Barau da tsatsarsa. Ga wayoyin wuta guda biyu. A tsakaninsu kuma, daidai inda na san na yi shara, ga ɗan farin abin nan siriri kamar yankan farce.

Lantana ta buɗa shi da yatsu, ta kai wa Gwaggo dab da fuska. Tsohuwa ta ƙura ido, sai na ga bakinta ya fara motsi. Ta yi addu'arta ta kowace shekara, ta roƙi aminci da imani, ta shafa, muka shafa. Har da 'yar ƙwalla ta goge da bakin mayafi. Ta sa wa Lantana albarka har sai da ta ji kunya.

Da a nan aka tsaya da an wuce wurin. Amma Lantana ta ce, "Maman Shafa, mu ga naki mana, na san ya fi wannan fitowa."

Ta karɓa ta duba, ta dubi nata, ta sake duban nawa. "Ina tankin?"

"Na share."

"Wayoyin fa?"

"Su ma."

"To abin da ke tsakaninsu fa?"

Na ce, "Na ɗauka leda ce."

Lantana ta ajiye kwanon alala a ƙasa don kada ya zube, ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta juyo da fuskarta wajena, ta ce, "Hansai, watan azumin ne leda?"

Kunya ta sa na fara kame-kame. Na ce, "Gwaggo, ai abin da gyara. Akwai wurin da ake ɗauko wata a cikin wayar, iri-iri ne ma, manya da ƙanana. Yanzun nan sai in mayar miki da shi inda yake, har ya fi na Lantana girma."

Ta ja carbi ɗaya, ta ja na biyu.

"Ashe ke ke cirewa, ke ke sakawa. To me za mu yi da na azumi kuma? Sako mana na Salla, kowa ya huta."