Injiniyan Laka

"Lafiya lau, ya aiki, ya mutanen Batsari? To, gaisuwar ta isa haka, Badaru. Mi nike gani a filina?"

Iya Saude ce tsaye, hannu a ƙugu, a ɗan filin da ta samu a bayan garin Safana. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Runka take raɓe a ɗakin wata 'yar'uwarta. Jikanta Badaru, wanda ya karanci aikin gini, ya yi alkawarin yi mata ɗaki kafin damina. Yau ta zo ganin bulo, sai ta tarar da tulin jar ƙasa da wani injin hannu mai matse tubali.

"Ɗakinki ne, uwargida. Bai dai miƙe tsaye ba tukuna."

"Uwargidan wa? Ka sake ni yau ɗin nan! Na bi gidan suna da gidan biki ina cewa mijina injiniya ne, ashe kwaɓa laka aka koya maka. Wanga ai ko zanzaro ya iya, kuma bai je makaranta ba."

"Zanzaro ba zai yi wa tsohuwa mai masifa gini ba. Ni kaɗai ke iya zama da ke."

"Ja'iri! Ina simintina?"

"Akwai shi a cikin tubalin, ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya. Kin san yadda ake yin siminti kuwa? Dutse ake toyawa da wuta mai tsanani, hayaƙin ya taru a sama ya riƙe zafi. Yana cikin abin da ya rikita damina. Ki shuka gero ruwa ya ɗauke, in ya dawo ya tafi da gonar."

"Au, ɗakina guda ne zai gyara sama? Masu benaye a birni sun sha siminti sun ƙoshi, sai a kan 'yar gudun hijira za a fara tsimin hayaƙi? Je ka faɗa musu mana, in kana da baki!"

Badaru ya sosa ƙeya. "Nan kam kin fi ni gaskiya. Amma ɗakin bulo da kwano, a zafin bazara, ba wutar lantarki, fetur ya gagari kowa, wa zai yi miki fifita? Da azahar sai dai mu zo da yaji mu cinye ki. Kodayake naman ya yi tauri."

"Haƙoranka ne ba su da ƙwari, ɗan shan shayi."

"Bangon tubalin nan kauri gare shi, zafi ba ya ratsa shi da wuri. Taga biyu suna kallon juna, iska na wucewa. Ga inuwar dalbejiya ta yamma."

"Taga biyu? Don ɓarawo ya zaɓi wadda ta yi masa?" Muryarta ta tashi har masu kwaɓa ƙasa suka dakata. "Kai yaro, katangar ƙasa gare mu a Runka. Da diga suka fasa ta, ina ji ina gani, suka kora shanun kakanka kaf. Baƙin cikin ne ya kwantar da shi bai tashi ba. Shi ne za ka sake sa ni cikin ƙasa tun ban mutu ba?"

Badaru ya ce, "Iya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba bangon da ke tare mai bindiga, ko na bulo ne. Amma bulon da ake bugawa yanzu, da siminti ya yi tsada, yashi ne zalla, da yatsa ake marmashe shi. Ga guduma. Ki daki wannan tubalin nawa. In ya fashe, in sayar da babur ɗina in sayo miki bulo."

"Kawo. Da ma da kai zan fara."

Ta gyara ɗamara ta kai wa tubalin duka. Ɗan gefe ya ɓantare. Ta ƙara, ta ƙara, har ɗankwalinta ya zame. Tubalin na nan zaune. Ta tsaya tana haki, tana harararsa.

"Taurin kai gare shi. Danginku ne."

"Ta wajen kaka muka gado."

Dariya ta ƙwace mata, ta yar da gudumar tana share ido da bakin zane.

"To, gina. Amma tagogin nan ka sa musu ƙarfe. In ka gama aikin yau ka biyo, ka kama jan zakarana a yanka maka."

"Wanda kuka yi wasan ƙasa tare? Sai dai a dafa shi kwana da yini."

"Ka ci ko ka bari, injiniyan laka. Shi kaɗai na fito da shi daga Runka, kuma ban taɓa yi wa wani namiji tayinsa ba."