Hujin da Ya Hana Mu Naman Sallah

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Arfar shekarata ta uku a Alƙahira, ranar da na tsaya ƙiƙam a bayan motar Alhaji Mamman da injin huji a hannuna, ɗalibai sun yi mini zobe, ni kuwa ina jin kaina kamar ni na ƙera motar.

Bari in faro muku daga tushe. Alhaji Mamman mutumin Maraɗi ne, ɗan kasuwa, ya daɗe ƙwarai a unguwarmu ta Ard al-Liwa. Yana sarin kaya a kasuwar Ataba yana aikawa gida, in babbar Sallah ta matso kuma sai ya koma harkar dabbobi. A waccan shekarar wani bawan Allah ya ce zai yi layya da bijimi, naman kuma gaba ɗaya na ƙungiyarmu ta ɗalibai ne, mu wajen arba'in. Bijimin yana wata gona can bayan Giza, Alhaji ne ya ɗauki nauyin kawo shi ranar Arfa da yamma. In ba ka taɓa zaman karatu a Masar ba, ba za ka gane girman wannan magana ba. Wata da watanni muna kan ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Misirawa, safe da rana. Akwai waɗanda tun Sallah da saura sati uku suka sa aka aiko musu da yaji daga gida.

To, Alhaji ya sayi wata ƙatuwar a-kori-kura ta hannu, da tirelar ɗaukar dabbobi irin mai dogon wuyan nan (wai Turawa wuyan dinya suke ce mata). Ita ba a gindin mota ake maƙala ta ba. Wuyanta ne yake tasowa ya lanƙwaso, ya sauka a tsakiyar bayan motar, ya zauna a kan wani dunƙulen ƙarfe mai girman lemon zaƙi. Dunƙulen kuma yana zaune ne cikin wani faranti mai kauri da ake ɗaurewa a jikin shasi ta ƙarƙashi. Ke nan dole a huda daɓen bayan motar, huji ɗaya tak, a daidai wurinsa, gaba kaɗan da aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Kayan haɗin duka suna cikin kwali, da ɗan littafinsu na bayani da Turanci. Alhaji Faransanci da Larabci yake ji. Makanikensa kuwa, Usta Ragab, ya riga ya wuce ƙauyensu hutun Sallah.

Muna zaune a ƙofar shagonsa bayan Juma'a ya kawo kukansa. Kafin kowa ya buɗe baki na ce, “Alhaji, wannan ne ya dame ka? Aikin awa biyu ne. Ai ni a gareji na tashi.”

(Gaskiyar magana, garejin kawuna ne a Kano, hutu biyu na yi a can, aikina kuma miƙa sufana da koro awaki daga ƙarƙashin motoci.)

Bashir, abokin ɗakina, Bazazzagi mai bakin tsiya, ya dube ni sama da ƙasa. “Gwani, kai da ko fankar ɗakinmu ka kasa gyarawa?”

“Fanka daban, mota daban,” na ce masa. Alhaji ya yi murna, ya miƙo mini littafin da hannu biyu, ya ce, “Tamam, ɗana. Allah ya yi albarka.”

Yanzu sai in gaya muku inda ƙarfina yake. Ni mahaddaci ne, kuma ba yabon kai ba, haddata tana da kyau, shi ya sa ma ake ce mini Gwani. A wurinmu, mutum ya tsaya gaban jama'a yana leƙen takarda abin kunya ne. Don haka na yi wa littafin nan abin da muke yi wa kowane littafi. Kwana uku, bayan Asuba, ina zaune ina jijjiga ina maimaitawa: girman kowane noti, ƙarfin ɗaurinsa, wanda ake fara sawa, wanda ake bari a sake sai ƙarshe. Har lambar shafi na riƙe. Sai dai kowane ɗalibi ya san ƙa'ida, matani ake haddacewa, wato gundarin rubutun. Ƙananan rubutun nan na ƙasan shafi, hashiya, ana barin sa sai an zo sharhi gaban malami. Na ga wani ɗan tauraro a gefen awon hujin, na ga 'yan layuka biyu sirara a ƙasa, na ce wannan hashiya ce, na wuce abina.

Ranar Arfa da hantsi muka haɗu a filin da Alhaji yake ajiye kaya, a bakin unguwa, don lungunanmu ko tuk-tuk, wato adaidaita-sahunsu, da ƙyar yake ratsa su. Kowa da azumi a bakinsa, amma ɗalibai sun fi goma sha biyar da suka zo kallo. Na naɗe hannun riga. Alhaji ya ce, “Ga littafin, ko za ka riƙa dubawa?”

Wallahi har yau in na tuna amsar da na ba shi sai in ji kamar in nutse. Na buga ƙirji na ce, “Alhaji, littafin yana nan ciki. Ajiye shi kada ya yi datti.”

Kuma fa da farko abin ya yi kyau, kada ku ɗauka shirme na yi tun daga bismilla. Na sa aka sauke tayar safaya. Na zura sandunan ƙarfe biyu masu riƙe farantin tsakanin shasi da daɓe, suka shige sumul. Ina aiki ina karanto bayanin da ka, da Turanci, ina fassarawa da Hausa, wani lokacin har in ƙara da Larabci don armashi. Wani Bamisire mai gadin filin ya matso ya ce, “Allah yinawwar ya basha!”, wato aiki ya yi kyau, ranka ya daɗe. Kaina ya ƙara girma. Ɗalibai suna ta “Sai Gwani!” Har Bashir ya jinjina mini, abin da ban taɓa gani ba.

Aka zo wurin huji. Na ja tef ɗin awo daga bakin ƙofar baya, na faɗi lambar da ƙarfi yadda kowa zai ji, na raba faɗin motar biyu, na ɗiga alli. Na tura Bashir ƙarƙashi ya kwanta ya gaya mini in bakin injin ya leƙo. Daga can ƙasa na ji muryarsa, “Gwani, anya? Ni fa ina ganin aksil ɗin yana can baya sosai da inda kake bugawa.”

“Malam Bashir, kai aka ba littafin ko ni?”

Na yi bismilla na danna. Injin ya yi ƙara, ƙarfe ya yi ta feshin gari, faifan daɓen ya yanke ya faɗa ciki, ni kuma da ƙarfin da na sa sai injin ya bi shi ya nutse. Na ɗago ina murmushi ina jiran tafi.

Abin da na fara ji wari ne. Sannan salatin Bashir. Ya turo kansa waje daga ƙarƙashin motar, fuska da gemu da farar jallabiyarsa sharkaf da man dizal, yana tofarwa yana cewa, “Azumina! Jama'a ku shaida ban haɗiye ba!” Bakin injin ya sauka ne daidai kan bututun mai, ya datse shi, ya kuma ci saman tankin. Man Alhaji yana tsiyaya a ƙasa, ɗis, ɗis, ɗis.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya je gaban mota ya ɗauko littafin, ya buɗe, ya miƙo mini. “Ɗana, ni ban iya Turanci ba. Amma wannan ɗan tauraron, me yake cewa?”

Na karanta, a gaban kowa. Layuka biyun nan cewa suka yi awon da ke sama na mota mai dogon baya ne. In bayan motarka gajere ne, ga naka awon daban. Suka ƙara da cewa a leƙa ƙarƙashi a tabbatar babu bututu ko waya kafin a huda. Motar Alhaji gajeren baya gare ta. Ko makaho ya shafa zai gaya maka.

“Hashiya ce,” na ce a hankali, kamar wannan zai cece ni.

Bashir yana goge gemu da gefen riga ya ce, “To ga sharhin nan yana zuba a ƙasa.”

Muka bazama neman mafita. Ranar Arfa a Alƙahira, duk mai walda da makanike ya ja ƙofarsa. Duk motar da za ta iya ɗaukar bijimi an riga an kama ta tun sati guda, Alhaji ya kira mutum ya fi goma, kowa sai ya ce, “Ma'alish ya Hajj,” wato a yi haƙuri Alhaji, sai bayan Sallah. Har aka sha ruwa muna filin nan, bijimi yana can gonarsa yana tuƙa hankali kwance.

Washegari bayan Idi, ɗalibai suka taru a saman benenmu kamar yadda aka tsara. Waɗanda ba su ji labari ba suka iso da wuƙaƙe da robobi, wani ɗan Sakkwato har da gawayi buhu guda a kafaɗa. Shugaban ƙungiya ya ce tunda ni na fi kowa iya bayani da ka, ni zan tashi in sanar. Na tashi na sanar. Sannan ni aka aika na sayo ful da burodi, ni na rarraba, faranti faranti. Ranar babbar Sallah, cikin shaddodinmu masu guga, mutum arba'in muka zauna muka ci wake. Wani sabon zuwa, Sallarsa ta farko ke nan ba a gida ba, mahaifiyarsa ta kira shi ta bidiyo tana cewa ya nuna mata namansu, sai ya juya wayar yana nuna mata sararin sama. Wannan ya fi komai ci mini rai, don na ga idonsa ya ciko.

Babu wanda ya zage ni. Duk wanda na ajiye wa faranti sai ya ɗago ya ce, “Ma'alish, Gwani.” Sau arba'in. Na gwammace a ce mari ne.

Sai rana ta uku Usta Ragab ya dawo, saboda girman Alhaji. Ya canza bututu, ya liƙe tanki, ya toshe hujina da faci, ya huda nasa a inda ya dace. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutumin da ya shekara talatin yana wannan sana'a, sai da ya sa na karanta masa awon daga littafin sau biyu, ya auna sau uku, ya shiga ƙarƙashi da kansa ya leƙa, sannan ya taɓa injin. Aka ɗaura tirela, aka sa fil ɗin makulli da sarƙoƙin tsaro, bijimi ya iso ana saura kaɗan lokacin layya ya fita.

Hukuncin da Alhaji ya yanke mini kuwa shi ne, duk farkon wata ni ne mai zuwa in zare dunƙulen nan in wanke shi, in shafa masa giris, in bi notina ɗaya bayan ɗaya in ga ko sun saki, in duba sarƙoƙi ko tsatsa ta kama su. Da sharaɗin littafin yana buɗe a gabana, ina karantawa a bayyane. Shekara biyu ina yi, kuma ba yabon kai ba, ƙarfen nan ko ƙara bai taɓa yi ba.

Haddata tana nan, ban fasa taƙama da ita ba. Amma yanzu ko maganin mura na saya, sai na warware takardar cikin kwalin na karanta ta har ƙasa, a gaban ko waye. Kunyar leƙen takarda minti ɗaya ce. Ni na ɗanɗani ɗayar, wadda ake rarraba wa mutum arba'in wake ranar Sallah.