Rasuwar Dattijo, Batirin Karaban ɗin Malam Sadisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma firiji mai cike da ɗumi, Malam Sadisu mai kunun aya na bakin kasuwar kayan marmari ta Zuba, shi da maiɗakinsa Zulai, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu jiƙa maƙoshi a wurinsu rasuwar batirinsu, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika ne a cikin akwatinsa da ke ƙarƙashin benci bayan gajeriyar jinya, yana zaune daram, ɗaure da ɗamararsa, kamar yadda ya rayu.

Ga wanda bai san marigayin ba, Malam Sadisu yana sana'arsa ne a cikin karaban, wato ɗan ɗakin nan mai tayoyi da mota ke ja. Ya saye shi a hannun wani Bature da zai bar Abuja. Bature yana fita da shi yawon shan iska, shi kuwa Sadisu kallo ɗaya ya yi masa ya ga shago. A cikin ɗakin aka iske Dattijo. Ba irin batirin mota ba ne, mai zabura sau ɗaya ya tayar da inji sannan ya koma ya miƙe ƙafa. Shi an ƙera shi ne don doguwar zama, ya riƙa sakin wuta kaɗan-kaɗan daga safe har yamma ba tare da ya ɗaga murya ba. Saboda wannan halin nasa Zulai ta raɗa masa suna.

Zulai ce ke dama kunun a gida, Sadisu ya sayar. Duk wanda ya san kunun aya ya san ba shi da yafiya: rabin yini ba sanyi, ya yi tsami ya fara kumfa. Tukunyar gidan Sadisu kuwa a kan wannan kunun take ɗorawa. Ke nan marigayin, duk da bai taɓa shiga kasuwa cefane ba, shi ne mai ciyar da gidan.

An shaidi Dattijo da haƙuri da kawaici. Bai taɓa cewa ya gaji ba, sai dai ƙwan lantarki ya ɗan dusashe, mai hankali ya gane. Maganarsa duka ba ta wuce biyu ba. Da safe idan aka kunna firiji, sai a ji "hmmm", irin ta mutumin da ya amince amma ba ya son surutu. Da rana idan sola ta ƙosar da shi, sai a kasa kunne a ji "ɓul, ɓul, ɓul" can ƙasa-ƙasa. Sadisu ya ce tun da aka yi rasuwar nan, shirun da ke cikin karaban ya fi zafin ranar Zuba damunsa.

Shi ma Sadisu, a yi masa adalci, ya riƙe amana. Bai taɓa barin marigayin ya yi ƙasa da rabin caji ba. Ruwan batir tsantsa yake ba shi, bai taɓa ɗura masa ruwan leda ba, ko da wasa. Idan farin gari ya taru a kawunansa, sai ya goge tas ya shafa masa basilin, har Zulai takan ce ƙafarta ba ta samun irin wannan gata. Ya huda wa akwatin ƙofofin shan iska, domin batir idan yana caji yana fitar da iskar da ba ta shiri da wuta, kuma ya hana kowa ƙyasta ashana a kusa. Idan zai haɗa shi, jar waya yake fara sawa a kan alamar ƙari, sannan baƙa. Idan zai cire, baƙar ce farko. Agogonsa ma sai ya tuɓe ya ajiye kafin ya taɓa shi.

Doka ɗaya Zulai ta kafa, kuma ba ta faɗe ta da dariya ba. Ta ce, "Malam, ranar da ka ba da aron Dattijo a tayar da mota, ni da kununa mun koma shagon yayana a Garki. Sai ka sayar da iska a karaban ɗin."

Wanda ya san Zuba ya san wannan doka jarrabawa ce. Ba a wuni ba a ga direban da motarsa ta ƙi tashi ba, kuma kowannensu ya san akwai batir mai ƙiba a ƙarƙashin bencin Sadisu. Sun roƙe shi, sun haɗa shi da iyayensa, sun kira shi marowaci. Wani har ya rantse zai daina shan kunun, amma washegari ya dawo ya sha gora biyu. Sadisu ko gezau. Ya yi ta yi musu bayani cewa wannan batirin zama ne, ba na kokawa da inji ba, suna jin sa kamar mai yi musu tatsuniya.

Ajali kuwa da ya tashi zuwa, sai ya zo cikin babbar riga. Wata ranar kasuwa da hantsi, a-kori-kurar Alhaji Musbahu, dillalin kankana, ta mace a daidai ƙofar karaban, cike da kaya. Alhaji Musbahu shi ne mahaifin Zulai. Tun da aka ɗaura auren nan Sadisu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa cin abinci a inda yake ba. Da ya hango shi ya sauko daga mota, sai ya zare takalmi ya tsuguna tun kafin a iso.

Alhaji ya amsa gaisuwa ya ce, "Sadisu, ɗauko mana wannan batirin naka mu ɗan taɓa."

A zuci Sadisu ya yi jawabi mai tsawo. Ya kawo hujjoji, ya ambaci dokar Zulai, ya bayyana bambancin batir da batir. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To, Baba."

Da hannunsa ya kwance ɗamarar, ya rungumo Dattijo ya dire a gindin mota, ya koma ya tsuguna. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya ce shi tun ba a haifi yaran yanzu ba yake haɗa batir. Ya maƙala wayoyi a batirin motarsa daidai. Sannan ya juyo kan Dattijo, ya ɗauki jar waya, ya nufi inda baƙa ya kamata ta zauna.

Sadisu ya gani. Kansa na sunkuye, amma ya gani ta gefen ido. Ya buɗe baki, ya tuna wanda zai yi wa gyara a tsakiyar kasuwa, a gaban 'yan dako da masu talla, sai ya mayar da bakin ya rufe. Ya yi gyaran murya. Alhaji ya ce masa sannu. Ya sake yin wani da ƙarfi, Alhaji ya ce ya rage shan sanyi.

Maganar marigayin ta ƙarshe da aka ji ita ce "fat!", tare da tartsatsin da ya sa Alhaji ja da baya har hularsa ta faɗi cikin kankana. Allah ya tsare, batirin bai fashe ba, ba wanda ya ji ciwo. Aka fizge wayoyi. Alhaji ya karkaɗe hannu ya ce kayan Turawa ba su da ƙwari, sannan aka tura motar ta tashi. Ashe tun farko turi take so.

Daga ranar Dattijo bai sake lafiya ba. Kansa ɗaya ya narke, cikinsa ya kumbura, yana fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. A ba shi caji ya karɓa, a juya baya ya zubar. Aka kira Innocent mai gyaran wutar mota, ya ɗora masa mita, ya daɗe yana kallon allurar. Sannan ya cire hular kwanonsa ya ce, "Oga Sadisu, sai haƙuri. Wannan ta tafi."

Tare da shi kunun ranar gaba ɗaya ya tafi. Zulai ta zo ta ga an jera goruna suna huci, ta dubi narkakken kan batir, ta ce, "Wa ka ba wa aro?"

Sadisu ya shiga lissafi. Idan ya faɗa, ya kai ƙarar surukinsa wurin 'yar cikinsa, abin da ko a mafarki ba zai iya ba. Idan bai faɗa ba, Zulai da kununta sun kama hanyar Garki. Ya zaɓi shirun. Zulai ta daina jiƙa aya, ta wanke rariya da bokitai ta jera a bakin ƙofa inda zai riƙa ganinsu. Magana ta koma "abinci na nan" da "a dawo lafiya". Sadisu ya rame. Mutane suna cewa kewar batir ce, alhali tsoron rabuwa da matarsa ne, domin yana son ta ƙwarai, kuma bai san wani abin da zai yi da kansa ba idan ba sayar da kununta ba.

Ana cikin haka Alhaji Musbahu ya ji labari, ya zo gida jaje. Ya zauna a tabarma, Sadisu na tsugune can nesa, Zulai ta kawo ruwa fuska a ɗaure. Alhaji ya ce kada su sa abin a ransu, batirin dama ragon batir ne.

Ya ce, "Ni na san shi. Da hannuna na haɗa shi rannan da motata ta tsaya. Na sa ja a nan, wurin 'yar sandar nan ta kwance, baƙa a wurin mai kama da mararraba. Taɓa shi kawai na yi ya fara tofar da wuta."

Zulai ta tsaya da kofi a hannu. Ta dubi mahaifinta, ta dubi mijinta, wanda ya duƙufa yana nazarin wata tururuwa a ƙasa kamar za a yi masa jarrabawa a kanta. Ta miƙa wa mahaifinta ruwan. Bayan Alhaji ya tafi, sai aka ji ta tana zuba aya a ruwa. Da ta kawo masa tuwo, Sadisu ya iske duk naman miyar a kwanonsa. Ta zauna kusa da shi ta ce, "Malam, da ya ce ka ɗauko firijin ma, ɗaukowa za ka yi ko?" Sadisu ya ce, "Da fankar." Ta yi dariya har da ƙwalla, shi ma ya yi, amma tasa ƙwallar ba ta dariya ba ce kaɗai.

Marigayin ya bar firiji ɗaya, wanda yanzu ake ajiye takalma a ciki, da fanka mai wuyan da ba ya juyawa, da ƙwan lantarki, da faifan sola da ke kan rufi yana ta tara wuta ba shi da wanda zai ba wa. Ya kuma bar wayoyin 'yan kasuwa masu yawa da suka saba cin arzikinsa ba godiya. Allah ya ba su haƙuri, ya mayar da mafi alheri.

Za a yi rakiya ranar Asabar bayan la'asar, daga ƙofar karaban. Liman ya ce babu batun salla, kuma an karɓi fatawarsa. Ba za a binne shi ba, ba za a jefa shi a bola ko kwata ba, domin ruwan cikinsa guba ne. Za a ɗora shi a baro a zaune, kada a kwantar da shi, a kai shi wurin masu karɓar tsofaffin batura su narke. Masu shan sigari su tsaya tsallaken titi. Yara su yi kallo daga nesa.

Bayan an dawo za a naɗa magaji. Alhaji Musbahu, Allah ya saka masa, ya sayo sabon batir irin marigayin ya ba 'yarsa, kuma ya sanar cewa da hannunsa zai haɗa shi, don ya nuna wa yaran zamani yadda ake yi. Sadisu da ya ji haka ya ce, "To, Baba." Zulai kuwa ta ce ita ba ta jin kunyar gyara wa mahaifinta, amma ba za ta bari a ga kuskurensa a gaban kasuwa ba, tunda mijinta ya yarda ya rasa komai don ya rufa masa asiri.

Saboda haka ana roƙon duk mai halarta ya zo da wuri, ya shiga layi. Da zarar Alhaji ya sauko daga mota, a tare shi da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. A tambaye shi gida da iyali da gajiya, a tambayi kasuwa, a tambayi mutanen garinsu Katsina gida-gida, a tambayi lafiyar kankana. Zulai za ta kasance a cikin karaban da sufana a hannu, ja farko sannan baƙa. Sadisu zai tsuguna a inda ya saba. Duk wanda gaisuwarsa ta ƙare bai ji firiji ya ce "hmmm" ba, don Allah ya koma ƙarshen layi ya sake farawa daga "ina wuni".