Ranar da Na Miƙa wa Mutuwa Baban Nana

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da aka yi mini aikin haihuwar ɗana, ko na so in manta ma maigidana ba zai bari ba.

Ni dai Allah ya yi ni da tsoro. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta, in na yi alwala sai na yi kokwanto na sake. To ina cikin wannan hali sai likita a nan Alexandria ta ƙasar Amurka ta ce yaron da ke cikina ya yi zaman dirshan, kai sama, ya ƙi juyawa, don haka aiki za a yi. Har ta sa rana. (Wai a sa wa haihuwa rana kamar ɗaurin aure! 'Yata ta fari, Nana, a Maraɗi na haife ta, ba ta yi shawara da kowa ba.)

Sai na gaya muku asalin tsoron. Kakata, Iya Tabawa, ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. In aka kira ta wurin wadda ciwo ya yi wa tsanani, ba ta kallon fuska, ƙafa take kamawa. Takan ce rai daga yatsun ƙafa yake fara fita, ya yi ta hawa, in ya kai ƙirji shi ke nan. Sai ta riƙa hawa da hannunta a hankali tana tambaya, "Kina ji nan? Nan fa?" Da idona na gani ina yarinya. Iya ta rasu tun kafin in zo Amurka, amma maganar nan tare muka hau jirgi.

Kafin ranar, asibiti sun kira tafinta ta waya ya yi mini bayanin yadda aikin zai kasance. Yana magana ina cewa "to, to", alhali zuciyata tana can tana lissafin wa zai yi wa Nana kitso in babu ni. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Ni a tunanina barci za a sa ni, in farka ko kada in farka. Na nemi gafarar kowa, har da maƙwabciyata 'yar Habasha da ban taɓa yi wa komai ba. Na dafa miya na cika firiza.

Da safe aka ce Baban Nana ya jira a waje ya sa rigar asibiti, za a kira shi. Aka tura ni ni kaɗai. Ɗakin fari fat, ga sanyi kamar cikin randa, ga wata fitila a sama tana kallona kamar ido. Mutanen ciki duk sun rufe baki da hanci, ba ka ganin mai magana, sai dai ka ji murya tana yawo. Aka yi mini allura a baya, aka kwantar da ni, aka ware hannayena, aka tsayar da wani ƙyalle a gabana ya raba ni da sauran jikina.

Sai na nemi yatsun ƙafata na rasa.

Na ce su motsa, ba su motsa ba. Abin ya kama idon sawu, ya hau gwiwa, a hankali, ba gaggawa, daidai yadda Iya ta faɗa. Na runtse ido na kama salati.

Can sai na ji murya daga bayan kaina, ƙasa-ƙasa, da Hausa. Da Hausa fa, a ɗakin da babu mai jin ko "sannu".

"Baiwar Allah, kwantar da hankalinki."

Wani abu mai sanyi ya taɓa mini ciki, ban ji shi sosai ba. Ya matso sama.

"Kina ji nan? Nan fa?"

Jama'a, ku da kanku me za ku ce? Na ce, "Iya? Ke aka aiko?"

Muryar ta ce, "Ni ce nake tare da ke har a gama."

Har a gama! Nan fa na fashe da kuka. Na ce, "Iya, don girman Allah ki roƙar mini jinkiri. Ki bari in ga fuskar yaron nan, ko shayar da shi in yi. Nana ma ba ta iya daka ba." (A Amurka wane daka? Oho.) Abin sanyin ya iso ƙirjina. Da na ga babu sauran lokaci, sai bakina ya faɗi abin da har yau ban san inda ya samo shi ba.

"In dole sai an tafi da wani, ga Laminu ɗan Alhaji Idi nan a waje. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ga hawan jini, kuma ya riga ya yi aikin hajji."

Ku lura, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunan mutumin nan ba, ko a bayan idonsa. Ranar kuwa na faɗe shi cikakke har da na mahaifinsa, don kada a yi kuskuren mutum.

Sai na ji gyaran murya dab da kunnena na hagu. Gyaran muryar da na sani.

"To, Maman Nana. Madalla. Na gode."

Ashe an shigo da shi ina tsakiyar roƙo, an zaunar da shi kusa da kaina. Na buɗe ido. Wata fuska ta leƙo ta samana, idanunta sun cika da hawayen dariya.

"'Yar'uwa, ni ba Iya ba ce," in ji ta. "Sunana Rifkatu, 'yar Filato ce ni, ni ke kula da allurarki. Na ji kina salati kina Hausa, na ce bari in taimaka miki da yaren gida. Ƙafar nan allura ce ta kashe ta, anjima za ta dawo. Wannan kuma auduga ce mai sanyi, da ita nake gwada inda allurar ta kai."

Wata Baturiya a bayan ƙyallen ta tambayi abin da ke faruwa. Rifkatu, Allah ya saka mata, ta ce addu'a nake yi. A wannan lokacin, da ƙasa ta tsage da na shige, sai dai ba ni da ƙafar shiga. Ina cikin wannan kunya na ji an ɗan jijjiga ni, sai ga kukan jariri ya cika ɗakin. Aka ɗago mini shi ta saman ƙyallen, jajir, yana ta masifa. Na ga fuskar da na roƙa.

Baban Nana ya yi masa kiran salla a kunne, sannan ya sunkuyo ya ce mini, "Ashe dai kin san sunan."

Har yau in ya ji ciwon kai sai ya leƙo kicin ya ce, "Maman Nana, ba dai kin sake ba da sunana ba ko?"

Abin da na koya shi ne, in likita na bayani a ajiye tsoro a buɗe kunne. In kuma har sai kin yi ciniki da mutuwa, to ki fara buɗe ido ki ga wanda ke zaune kusa da ke.