Rasuwar Taga Mai Shafi Tamanin da Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu jajur, Anti Nas ke sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar tagar burauzarta ta shiga intanet a kwamfuta, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Litinin da hantsi, a kan teburin falo, kusa da kwalin safar hannu. Ta rasu tana da shekara ɗaya da wata huɗu, da shafi tamanin da bakwai a buɗe.

A cikin shafukan nan ne duk madogarar kundin digirin Anti Nas take, kundin da za ta miƙa ranar Alhamis. Ko ɗaya ba ta kwafe ba, ko ɗaya ba ta adana ba. Sau nawa aka yi mata magana? Kullum amsarta ɗaya: ai ga su nan a buɗe, ina za su?

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa ba. Shafukan sun matsu har sunayensu sun ɓace, amma Anti Nas ta san mazaunin kowanne. Na hawan jinin masu ciki shi ne na goma sha biyu daga hagu, maƙwabcin wani takalmi da har yau ba a saya ba. Za a yi kewar "fuuuu" ɗin fankarta, da shafin nan mai ɓarkewa da waƙar tallar sabulu ana zaune ƙalau, wanda har ta cika ba a gano shi ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Anti Nas na wurin aikin safe caja ta zare, kwamfuta ta suma. Baba, mahaifinta, ya jona ta don ya ji labarai, sai ga akwati ya fito a fuskar kwamfutar yana tambaya ko a dawo da shafukan da suka rufe. To, tun bara da cuta ta shiga kwamfutar ta hannunsa, Anti Nas da kanta ta zaunar da shi ta ce, "Baba, don Allah, duk akwatin da ya fito, ka danna A'a." Dattijo mai riƙon amana ya gyara tabarau, ya danna A'a. Da ya gama kuma ya kashe ta tsaf, yadda aka koya masa.

Mai gyara ya duba tarihin bincike, ya ce abin da ya wuce wata uku sai dai haƙuri. Tara ya ceto, shida a ciki takalma ne.

Marigayiya ta bar shafi guda fari fat, da kundi mai babi biyar mara madogara, da malami mai duba kundin, wanda "wallahi" ba ta taɓa ratsa shi ba.

Za a yi zaman makoki a falo daga yau har safiyar Alhamis. Masu ta'aziyya su zo da wayoyinsu da caji, kowa za a ba shi babi ya taya nema. Za ku tarar da Baba a bakin ƙofa, yana ba kowa labarin yadda 'yan damfara suka turo akwati ya ƙi su, bai ba 'yarsa kunya ba. Anti Nas ta yi kukanta a banɗaki ta wanke fuska, ta fito ta ce masa ya kyauta. Tana roƙon masu shigowa su ma su ce masa ya kyauta.